Shekarar da Inna ta shiga tur'a

Kun taso kuna jin tsofaffin garinmu suna kiran mahaifiyata 'Yar-Su, kuma na ji irin bayanin da kuke ba junanku a kan sunan. Wasunku sun ce don tana son miyar kifi ne. Babbar jikata ma ta ce an gaya mata wai mutanen ruwa ne suka taɓa ɗauke Inna suka dawo da ita. Babu ko ɗaya a ciki. Sunan nan zagi ne, kuma saboda karatuna ta yarda aka liƙa mata shi. Tunda ni kaɗai na rage cikin mutanen gidan da suka ga abin da idonsu, bari in faɗa muku yadda aka yi.

Garinmu yana tsakiyar gonakin auduga, ba nisa da Wad Haddad. Baba yana da hawasha, wato gonar ban-ruwa, tasa ta kansa, abin da Hausawa da yawa a yankin ba su samu ba, sai dai su yi ƙwadago a gonar wani. Mahaifiyarsa, Hajja, ba ta bari a manta da wannan a gidanmu. Makarantar 'yan mata da na shiga bayan na gama ta farko tana ƙetaren babbar tur'a, wato hanyar ruwan da aka haƙa, wadda ke shayar da gonakin yankin gaba ɗaya. Akwai kubri, wato gada, amma yana da nisa ƙwarai. Wanda ya bi ta can, kafin ya isa an yi rabin darasi. Saboda haka mu yara muna ƙetarewa ta ƙofar ruwa, inda mai gadi ke buɗewa da rufewa. An gitta wani ƙarfe a kai, faɗinsa bai fi na allon karatu ba, babu abin riƙewa. Da rani ruwan yana wucewa a hankali. Da damina kuwa sai ya zama ja, yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofar yana tafasa kamar tukunyar kunu.

A shekarar nan muka fara Turanci. Malamarmu Ustaza Nafisa ce, Balarabiya daga Kamlin, doguwa, kullum da farin tob, lulluɓin matan ƙasar, da ƙurar alli a gefen hancinta. Ni a ajin ba a san muryata ba. Idan aka kira sunana, sai kunnuwana su ɗauki zafi, amsar da na sani ta gudu. Amma idona ba ya hutawa. Na san wace yarinya ce ke juya takalminta don kada a ga inda ya tsinke, na san lokacin da Ustaza ke fama da ciwon haƙori ko da ba ta faɗa ba.

Wata safiya ta buɗe mana shafin da ke da hotunan wasanni. A kusurwar ƙasa akwai wata mace a cikin ruwa, da hula manne a kanta, ta kwanta rigingine, hannu ɗaya a miƙe sama, ruwa na zuba daga gwiwar hannun. 'Yan aji suka fashe da dariya saboda irin tufafin da ke jikinta. Ustaza ta buga tebur, ta juya ta rubuta a allo: backstroke. Ta sa muka maimaita har bakinmu ya saba. Sannan ta yi mana bayani da Larabci. Ta ce kalma biyu ce aka haɗa, ta farko baya, ta biyu bugun ruwa da hannu. Ta ce sunan wani salon iyo ne, wanda mutum ke yi fuskarsa na kallon sama, kuma da sunan ake kiran tseren da ake yi da salon. Ana cewa wance ta iya shi, ko wance ta ci tserensa. Ta ƙara da cewa ba a faɗa wa wanda ya kwanta kawai ruwa na tafiya da shi, sai wanda ke tuƙa kansa zuwa wani wuri.

Aka wuce zuwa hoto na gaba, ni kuwa aka bar ni a wancan. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne: idan idonta na sama, yaya take sanin inda za ta? Na so in ɗaga hannu, hannun ya ƙi ɗaguwa. Tun daga ranar na shiga lura da duk abin da ya shiga ruwa. Kwaɗo yana kallon gabansa. Karen da yara suka kora cikin tur'a ya ɗaga hanci yana kallon gaɓa. Shanun makiyaya haka, samarin garinmu masu fantsama ruwa haka. Abin da na ga yana tafiya ciki a sama, sai mushen kifi da wani ɗan akuya da ruwa ya kawo. To ashe akwai mai rai da ke zaɓar kwanciyar matattu, har a yi mata suna, har a yi tsere da ita? Na riƙa juya kalmar a bakina ina wanke-wanke.

Ana cikin haka, da damina ta yi ƙarfi, Batulu ɗiyar maƙwabcinmu ta zame a kan ƙarfen. Ina bayanta. Na ga jakar littattafanta ta tashi sama, sai ruwa ya rufe ta. Allah ya sa mai gadi yana kusa, ya miƙa doguwar gorarsa ta kama rigarta, aka jawo ta tana aman jan ruwa. Ta rayu. Amma a ranar iyaye maza suka zauna bayan la'asar a ƙofar masallaci, kuma da Baba ya shigo gida bai ko zauna ba ya faɗi hukuncinsa.

“Rakiya ta gama ƙetare tur'a. Abin da ta karanta ya isa.”

Ban taɓa mayar masa da magana ba. Na kai littattafaina ƙarƙashin gado. Hajja ta ce madalla, daman gidan na buƙatar hannu.

Na zauna a gida, ina shara, ina tuƙa ƙullun kisra, wainar dawar da muke ci, ina jin muryoyin 'yan yaran da ba a hana ba suna wucewa da safe. Wata hantsi muna zaune a rumfa, Inna tana daka bunn, 'ya'yan gahawa, a ɗan turmi, Hajja na kishingiɗe tana jiran jabanarta, wato dafaffiyar gahawa, sai tambayar nan ta kubce mini. Na ba Inna labarin hoton, na faɗa mata kalmar, ta yi dariyar yadda take fita. Sai na ce ni dai abin da ban gane ba, yadda mutum zai yi iyo bai ga gabansa ba.

Inna ba ta ɗago kai daga turmin ba.

“Ai ba gaba aka duba ba,” in ji ta. “Icce guda kika zaɓa a gaɓar da kika baro, ki aje shi tsakanin manyan yatsun ƙafarki. In ya goce hagu, kin goce. Sai ki gyara.”

Sai taɓaryar ta tsaya a hannunta. Hajja ta tashi zaune.

“Hawwa'u, mi na ji kin ce?”

“Magana ce ta yara, Hajja.”

“To ta tsaya ta yara. Gidan ga na manoma ne. Mun yi wagga magana tun ba a haifi yarinyar ga ba.”

A ranar, da muka je yankan ciyawa mu biyu, Inna ta gaya mini abin da ban taɓa ji ba. Na san daga wajen Rusairis aka auro ta, lokacin da Baba ya je aikin rani can. Amma ban san mahaifinta masunci ba ne, mai kwalekwale da raga. Ta ce a garinsu na bakin kogi, mata suna da lambuna a wani tsibiri, kuma idan maza sun fita da kwale-kwale, sai su ƙetara da kansu. Su kwanta rigingine, su ɗora kwandon albasa a ƙirji, wata ma jaririnta, su isa ba abin da ya jiƙe. Ta ce ta iya wannan tun kafin ta iya tuƙa tuwo. Da aka kawo ta garinmu, Hajja ta gindaya mata sharaɗi: kada a ji kalmar su, wato kamun kifi, a bakinta, kada a gan ta a ruwa ya wuce idon sawu, don masu hawasha a nan suna ganin masunta mutanen da ba su da ƙasa, masu ƙarnin da sabulu ba ya fitarwa. Inna ta riƙe sharaɗin har aka haife mu duka. Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa, idan mun je wanki, takan gama nata ta tsaya tana kallon tsakiyar tur'a, laɓɓanta na motsi kaɗan.

Inna ta bari Baba ya gama cin abincin rana, sannan ta durƙusa gefen tabarmarsa. Ina bayan zana ina ji.

“Malam, faɗawar kaka tsoro, ko nutsewar?”

“Mi ya raba su?”

“Kowa na iya faɗawa. Amma wanda ya iya kwanciya bisa ruwa, in Allah ya so, ba ya nutsewa. In na koya mata fa?”

Baba ya yi dariya, ya kuskure baki. Ina jin ya ɗauka ba za ta iya taka sharaɗin Hajja ba har abada, shi ya sa ya amsa da sauƙi.

“Halas, shi ke nan. Randa na gani da idona ta faɗa inda Batulu ta faɗa ta fito da kanta, ta koma makaranta.”

“Ka faɗa, Malam.”

“Na faɗa.”

Muka fara a ɓoye, ranar Juma'a idan maza sun tafi masallaci, da kuma tsakar rana idan gari ya yi tsit don zafi. Akwai wata kwana nesa da gidaje, inda itatuwan bagaruwa suka yi duhu. Inna ta koya mini in ɗaure bakin rigata tsakanin ƙafafu don kada ta kumbura ta rufe mini fuska. Ta tsaya ruwa iya ƙirjinta, ta sa tafin hannu ɗaya a ƙeyata, ɗaya a ƙuguna.

“Ba ruwa ƙeyarki. Ɗaga haɓa. Wai mi kika nema a cikinki da kike ta leƙensa? Sama za ki duba, ya bitti, ɗiyata!”

Duk lokacin da ruwa ya taɓa kunnena sai in dunƙule kamar bushiya, in nutse, in taso ina tari. Ita kuwa ta yi ta dariya, wata irin dariya mai ƙarfi da ban san tana da ita ba. A gida Inna mace ce mai tafiya a gefen bango. A ruwa sai ta zama wata, har tana yi mini gatse, tana kirana buhun gishiri. Da na daure na bar kunnuwana suka shige, sai na ji abin da ban zata ba. Duniya ta yi shiru, amma ba shiru sosai ba: ina jin bugun zuciyata, ina jin tsakuwoyi na ƙas-ƙas a ƙasa, ina jin gurnanin ƙofar ruwa daga nesa kamar a cikin ƙashina yake. A sama shirwa biyu suna kewaya. Ban san lokacin da ta janye hannuwanta ba, sai da na ga tana tsaye can gefe tana gyara kitsonta da su duka biyun.

Daga nan ta koya mini tuƙi. Ƙafafu suna motsi a hankali, hannuwa suna buɗewa suna rufewa a ƙarƙashin ruwa, ba fantsama. Na ce mata matar da ke cikin hoton tana ɗaga hannu sama ɗaya bayan ɗaya.

“To wannan ba ta ɗauko komi a ƙirji ba,” in ji Inna. “Ɗaga hannu ka jiƙa albasa.”

Ba mu daɗe muna ɓoyewa ba. Wata mata mai neman akuyarta ta leƙo ta cikin bagaruwa ta ga matar mai hawasha kwance bisa tur'a kamar a kan gado. Kafin magariba labari ya gama gari, har da wanda ya tuna cewa ai daga bakin kogi aka auro ta. A nan sunan ya fito. Idan Inna ta shiga gidan suna, sai wata ta shaƙi iska ta ce, “Kai, wa ya shigo da kifi?” a kwashe da dariya. Matan da suke biyo mata su tafi gona tare suka daina tsayawa a ƙofarmu. A gidan biki, ita da ake ba babbar tukunya, aka mayar da ita wankin kwanuka. Hajja kuwa ta daina karɓar jabana daga hannunta. Ta sa aka kai mata murhu ɗakinta tana dafa wa kanta, kuma haka ta ci gaba har ta rasu. Kuma akwai abin da ruwan ya bar mana a jiki. Mu biyun muka kamu da tsargiya a shekarar. Tawa ta warke da magani. Ta Inna ta yi ta dawowa, kuma kumburin cikin da manyanku suka san ta da shi a ƙarshen rayuwarta, likita ya ce daga nan ya samo asali.

A tsakiyar wannan surutu Ustaza Nafisa ta zagayo ta kubri a keken jaki, tana bin gidajen 'yan matan da aka hana. Baba ya karɓe ta da mutunci, aka kawo mata shayi, ya ce mata a'a cikin ladabi. Ni aka sa in raka ta bakin hanya. Muna tafe, sai na yi mata tambayar farko da na taɓa yi mata. Na ce, idan mace ta kwanta rigingine tana tuƙa kanta, amma hannuwanta ba su fita daga ruwa ba, kuma ba tsere take da kowa ba, ita ma ana kiran abin da take yi backstroke?

Ta tsaya ta dube ni kamar yau ta fara ganina.

“Ashe kina magana?” Ta yi ɗan tunani. “Wadda ke cikin littafi dai mai ɗaga hannu ce. Wannan taki, wallahi ban sani ba. Ni ruwa bai taɓa wuce gwiwata ba. Ku da yarenku me kuke ce masa?”

Na ce iyon rigingine. Ta gwada faɗa, harshenta ya sarƙe, muka yi dariya tare. Da za ta hau keken ta ce in na dawo za mu nemi amsar tare. Ba ta ce idan an bar ni ba.

Baba ma bai tsira ba. A ƙofar masallaci abokansa suna tambayarsa ko ya fara saƙa raga. Wata Juma'a ya dawo fuskarsa a murtuke, ya tsaya tsakar gida.

“Yau za a gama wagga magana. In ta iya, in gani. In ba ta iya ba, kada in sake jin ɗayanku ta kusanci tur'a.”

Inna ta dube ni, ta ce in sa rigar makaranta da takalmi, don ranar da zan faɗa da gaske ba zan samu damar tuɓe komai ba. Baba bai hana ba.

Bayan la'asar muka nufi ƙofar ruwa. Ban san yadda mutane suka ji ba, sai ga gaɓa ta cika, maza a gefe, mata a gefe, yara a kan tudu. Inna ta ɗaure tob ɗinta a ƙugu, ta gangara a gaban kowa, ta shiga ruwa can ƙasa da ƙofar ta tsaya. Ni na hau ƙarfen. In gaya muku gaskiya, ba ruwan ne ya fi ba ni tsoro ba, idanun ne. Ban taɓa tsayawa inda mutum fiye da biyar ke kallona ba, sai ga gari guda. Ban yi tsalle ba, faɗawa na yi.

Ruwan ya juya ni, ya cika mini hanci, ban san ina ne sama ba. Inna ta riga ta gaya mini kada in yi kokawa da tafasar, in bari ta gaji da ni ta tofar. Na bari. Da na ji haske a fuskata, na miƙe ƙafafu, na ɗaga haɓa, na ba ruwa ƙeyata. Kunnuwana suka shige, duk ihun mutane ya ɗauke. Babu ido ko ɗaya, sai sama. Ban taɓa jin sakewa irin ta wannan lokacin ba. Na ɗan leƙa, na samu bukkar mai gadi, na aje ta tsakanin yatsuna, na fara buɗe hannu ina rufewa. Ruwa na jan ni ƙasa, bukkar na gocewa, ina gyarawa, har na ji ciyawa ta taɓa kaina. Na juya na kama ta na rarrafa na hau. Na fito a ƙetare, gefen makaranta, takalmi ɗaya a ƙafata.

Sai a lokacin na ga Baba. Ashe tun da na faɗa yake bin gaɓa da gudu, ya warware rawaninsa yana jan sa a ƙasa don ya jefa mini, kansa a buɗe a gaban mutanen da yake jin kunya. Ya tsaya daidai da ni, tur'a a tsakaninmu, yana haki. Na ɗauka so yake in dawo yadda na zo, sai na fara gangarawa.

“Ke! Tsaya nan!” ya daka tsawa. “Kada ki sake shiga! Biyo ta ƙarfen, a hankali!”

Wani tsoho ya fara dariya, sai maza suka ɗauka. Na bi gaɓa na koma ƙofar, na tako ƙarfen ina ɗigar ruwa, Baba na tsaye a ƙarshensa ya miƙo hannu tun ban kai rabi ba.

Inna ta fito ita kaɗai, ba wadda ta miƙa mata hannu. Ta matse bakin tob ɗinta, ta ratsa ta tsakiyar matan nan, wasu na toshe hanci da mayafi, ba ta dubi kowa ba. Ta zo ta taɓa rigata, ta faɗa da ƙarfi yadda Baba zai ji, shi kuwa yana naɗa rawaninsa:

“Mu je ki shanya ta tun da sauran rana. Gobe Asabar, akwai makaranta.”